Ranin da Ɗan Yayana Bai Tafi Bida Ba

A garinmu, can gefen Babankatami, ba a samun filin ƙwallo sai an gama girbi. Gonar wani tsoho ce a bakin gari. Da an kwashe damman gero, sai yara su taru su tuge kututture, su tsince duwatsu su jera a gefe. Tsoho ya samu gona a share, su kuma su samu fili har ruwan fari na damina. Ni nake hura musu usur, ba don na fi kowa sanin wasa ba. Ƙafata ta dama ce ta daɗe da ajiye ni, bakina kuwa bai gaji ba.

Abin haushin, lokacin ƙwallo shi ne lokacin bida. Geron da muke nomawa a kan dutsen Adar ba ya kai mu damina, don haka kowane gida sai ya fitar da namiji ɗaya ya tafi kudu neman abin cikawa. Duk shekara ina ji ina gani mota ke kwashe mini 'yan wasa. Yaro ya fara gane wasa, gemu ya fara tsiro masa, shi ke nan sai dai ka ji labarinsa daga Abijan ko Legas.

A shekarar da nake magana, layi ya zo kan ɗan yayana.

Yaron ba shi da abin da 'yan kallo ke so. Mutanenmu mai yanka suke so, wanda zai zubar da mutum uku a ƙasa, ya kuma zubar da ƙwallon cikin ƙaya, su yi ta ihu kamar an ba su kyauta. Shi ba ya yanka, gudun ma na tsaka-tsaki ne. Amma kafin ƙwallo ta iso gare shi ya riga ya juya wuya hagu da dama, ya san inda kowa yake. Ta iso, ya taɓa ta sau ɗaya, ta wuce inda babu wanda ya yi zato. In ta kuɓuce masa, ba ya ɗaga hannu ya zargi kowa, baya yake komawa ya nemo ta. Ina zargin awaki ne suka koya masa. Wanda ya yi kiwo a kan tudunmu dole ya san akuyar da za ta faɗa gonar wake tun ba ta ɗaga ƙafa ba.

Wani mai horar da yara daga Tahoua ya gan shi a wani wasa a Bouza. Ya ja ni gefe ya ce zai dawo ƙarshen rani, lokacin gasar ƙauyuka. In ya tarar yaron yana nan yadda yake, zai tafi da shi, da makaranta da abinci. Bai yi alkawari ba, amma ni na kwana da maganar. Sai dai fa dole yaron ya zauna gida ranin nan gaba ɗaya.

Yayana mutum ne mai tsadar magana, kuma a wurinsa ƙwallo hanyar kashe takalmi ce kawai. Na same shi na yi ta zuba kan ya bar yaron gida, har da rantsuwa. Da na gama, ya tashi ya buɗe mini rumbu, ya ce in leƙa. Na leƙa. Gaskiyarsa ce, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Ba ni da abin da zan ba shi, domin nawa ɗan ma ya riga ya bi mota.

Saura 'yan kwanaki motar 'yan bida ta tashi, yaran garin Karofane suka zo mana wasa. Na matsa wa yayana har ya biyo ni don in ƙyale shi. Ya tsaya nesa da jama'a, hannu a baya. Mun ci wasan, amma yaron bai zura ko ɗaya ba, ba wanda ya kira shi da ihu. Na ce a raina yau ɗin ma da nake son ya yi abin kallo.

Muna hanyar gida, sai yayana ya ce, "Yaron ga, shina gani ta ƙeya?"

Na ce, "Mi ka gani, Yaya?"

Ya ce, "Kowa na bin balo. Shi balo ka bin shi."

Daga nan bai ƙara ba, ni ma na kama bakina, abin da ba na yawan yi.

Ranar tafiya na fito da safe in yi sallama da yaron, zuciyata ba daɗi. A bakin mota na tarar da jakar tafiyar a kafaɗar yayana, da furfurarsa da komai, mutumin da ya bar bida tun yaron na goye. Yaron na tsaye gefe, ya kasa ɗaga kai.

Na ce, "Yaya, ina za ka?"

Ya ce, "Gida na son mutum guda. Ba a ce wane ba." Ya dube ni. "In yaron ya yi sakaci, kai ni ka kamawa."

Ban taɓa son yayana kamar ranar ba, kuma ban iya faɗa masa ba. Na karɓi jakar na miƙa wa yaron mota.

Mutumin Tahoua ya dawo, ya kuma tafi da yaron. Yana can har yau, yana karatu yana wasa, ba mu san inda abin zai tsaya ba, kuma ba mu gaggawa. Yayana ya dawo da ruwan fari, ya rame, kafaɗunsa sun yi kanta da dakon ruwa. Na tare shi tun bai sauke kaya ba na ba shi labari. Ya ce madalla. Sannan ya tambaye ni ko an kai kalmensa na noma wurin maƙeri.