Turancin Kujerar Gaba

Ina tankaɗen garin gero ƙanen maigidana ya yi sallama, ya tsaya a bakin zaure yana kallon ƙasa. Ya ce motar yayansa ta kife bayan Kazaure. Ban tambayi sauran ba. Na ajiye rariya.

Maigidana direba ne, Daura zuwa Kano. Da na ce ina son zana jarrabawar shiga kwalejin horon malamai amma Turanci ya tsaya mini a wuya, sai ya naɗa kansa malamina, mutumin da firamare ma da ƙyar ta sallame shi. Dabararsa kujerar gaba ce. Ba ya ba kowa ita sai mai kama da ɗan boko: ɗan bautar ƙasa, ma'aikacin jinya, ko dai mai tabarau. Kafin a isa sai ya tatsi mutum kalmomi biyu masu kama da juna, ya kawo mini da yamma kamar tsarabar gurasa.

"Malama, zauna. Yau lose da loose. Ɗaya ɓatarwa, ɗaya sako-sako."

"Wanne ne wanne, Direba?"

"Kin cika tambaya. Mutumin a Kazaure ya sauka."

Wani ɗan Legas ya koya masa cewa dash kyauta ce, wani malamin makaranta ya rantse gudu ne. Maigida ya yanke hukunci cewa ɗan Legas ya fi ilimi, tunda shi ya saya masa rake.

Ranar sadakar uku gidanmu ya cika da masana. Yayarsa, wadda ba ta taɓa buɗe littafi ba, ta sanar da ni cewa mai takaba ba ta karatun Nasara. Kawunsa ya ce neman kalmomina ne ya ɗauke masa hankali daga titi. Sai ka ce kawun yana cikin motar, ba mu sani ba. Na ce musu na gode. Limamin unguwa ya sassauta: karatu a ɗaki babu laifi, fita ce babu. Jarrabawar kuwa ba a ɗakina ake yin ta ba. Ta zo ta wuce ina takaba.

Da safiyar ranar hatsarin, da maigida zai fita, na tambaye shi bambancin affect da effect. Ya ce, "Wannan sai mai tabarau. Bari in dawo."

Ƙanwata ta ce akwai ƙamus a wayarta, yanzu za ta duba mini. Na ce ta bari. An sake buɗe rajistar jarrabawar bana, ban je ba tukuna, kuma har yau ban san bambancinsu ba.