Lado, Direban da Ke Kai Tsofaffinmu Sawakin

Da an sallame Asuba za ka iske Lado a bayan kasuwar Gadarif, nan Sudan, yana zagaya babbar motarsa, yana shurin tayoyi, yana yi mata faɗa kamar ta ci masa wani abu. Daga nan sai shayi, sai Doka ko Gedambaliya ɗaukar dawa. Haka yake tun kafin gwamnatin soja ta Inƙaz ta hau, har shingayen hanya suka yi yawa, har gemunsa ya yi fari. Bana ido ya fara gaza masa, ya ajiye tuƙi. Masifaffe ne, ba zan ɓoye ba. Ni kaina ya taɓa sauke ni a hanya don na ce motarsa ta tsufa.

Amma duk shekara bayan girbi, in zai kai dawa Bur Sudan, Lado kan bar wuri ga tsofaffinmu, ya tsaya da su a Sawakin. Tsohon gari ne a bakin Bahar Maliya, inda kakanninmu da suka taso daga yamma a ƙafa suke jiran jirgin Makka. Wasu sun haye. Wasu ba su samu ba, suka juyo suka kama noma, mu ne jikokinsu. Lado ba ya shiga garin da mota. A ƙofa yake kashe ta, ya ce waɗanda suka riga mu da ƙafa suka shiga. Sai ya bi da mutane lungu-lungu, ga gidajen da aka gina da dutsen teku, ga tagogin katako masu sassaƙa, ga masallatan Hanafi da Shafi'i da hasumiyoyinsu a tsaye. Gidaje da yawa sun zube, amma abin da ya rage ya isa ya sa mutum ya yi shiru.

Shekarar da na bi shi, akwai Modibbo Harisu, wani dattijo manomi daga Fashaga. A Sawakin mahaifiyarsa ta rasu suna jiran jirgi, yana goye, mahaifinsa ya fasa tafiyar ya juyo da shi. Bai taɓa ganin kabarinta ba, ga jiki ya ƙi, shi da kansa ya san ba zai sake zuwa ba. Ya ƙunso dawar gonarsa, zai watsa wa tsuntsaye a kan kabarin ta zama sadaka gare ta, kamar yadda ake yi a nan.

Lado, kai da ba ka iya jiran mutum ya ƙarasa shayinsa, kai ne ka riƙe hannun dattijon nan kuna takawa kaɗan-kaɗan har rana ta take. Kai ne ka bi masunta da tambaya har aka nuna mana inda aka binne mutanen yamma. Fili ne kawai da duwatsu, babu suna ko ɗaya.

Modibbo ya zauna a ƙasa da ƙunshinsa. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, ɗana. Mu koma. Na yi latti."

Na ɗauka Lado zai nuna wani dutse ya ce ga shi, don ran tsohon ya yi sanyi. Ni da haka zan yi. Sai ya durƙusa ya ce, "Ya ammi, baffana, wallahi ban san wanne ba ne, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Amma duk na nan namu ne. Watsa ko'ina, Allah ya san inda take."

Modibbo ya miƙe yana watsawa. Muka ji ya ce, "Inna, ni ne Harisu. Na zo." Na yi kuka, kuma ban ji kunya ba.

Da damina Modibbo ya rasu. Lado, mun gode. Allah ya saka maka, ya ƙara wa idonka haske. Ku kuma matasan direbobinmu da ke wuce Sawakin a guje, don Allah wani ya rage wuri a motarsa. Girbi ya kusa, kuma akwai wata tsohuwa a Doka, Fadimatu, da ba ta ji labarin Lado ya daina tuƙi ba. Ta riga ta ɗaure kayanta.