Notin salansa da surukina

Ni malamin dabbobi ne, kuma a shekarun nan aikina yana kai ni rugagen da ke tsakanin Sandamu da Baure kusan kullum. Babur nake hawa, tsoho, amma bai taɓa kwanar da ni a daji ba. Wata damina salansarsa ta fara kaɗawa, sai na ce wannan ai ba sai an je wurin bakanike ba. Na ɗauko sufana na ɗora a kan ɗaya daga cikin notina biyun da ke riƙe bakin salansa a jikin inji, na danna da ƙarfi. Ji na yi ƙas. Kan notin ya faɗo ƙasa, gangar jikinsa ta maƙale a ciki, tsatsa ta cinye ta. Maimakon in haƙura, sai na koma kan na biyun don ya riƙe mini duka. Shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Na ɗaure salansar da waya na ci gaba da fita. Ƙarar da babur ɗin ya koma yi kuwa, ko injin niƙa albarka. Ranar da na isa wata ruga yin allura, shanu suka watse tun ban tsaya ba, muka shafe hantsi ana tattaro su. Ardon rugar ya ja ni gefe ya ce, "Malam, don Allah gobe ka ajiye abin nan can gindin tsamiya, ka ƙaraso da ƙafa."

Bakaniken da na saba da shi ya leƙa ya girgiza kai. Ya ce sai dai a huda da injin huji, in hannu ya goce kuma kan injin ya tashi aiki, tunda ƙarfensa mai taushi ne. Da na ba uwargida labari sai ta ce, "Ka kai wa Baba mana."

Mahaifinta mai walda ne, garmar shanu da ƙofofi yake yi a wata rumfa a bayan kasuwar Daura. Shekara huɗu da aurenmu, abin da ke haɗa ni da shi bai wuce gaisuwa ba, ita ma a durƙushe, idona a ƙasa. Na yi kwana uku ina jan ƙafa. A na huɗu na kashe babur tun daga nesa, na turo shi har bakin rumfar, na tuɓe takalmi na tsuguna.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau, Malam. Ya mutanen gidan? Tun shekaranjiya nake jin ka kana wucewa ta bayan kasuwa. Na ce bari in ga ranar da za ka gaji."

Ya duba wurin, ya shafa guntayen da ɗan yatsa. Ya cire wayar batir, ya sa na sauke tankin mai na kai shi can inuwa, sannan ya zuba kananzir a wurin ya kankare tsatsar da burushin waya. Ya zaɓo wata macen noti, wato mai rami a tsakiya, ya kama ta da fulaya ya kafa a kan guntun farko. Dabarar ita ce ya cika ramin da walda har ta haɗe da guntun, ya zama an yi masa sabon kai da sufana za ta kama.

Amma aikin na mutum biyu ne, ni kuma ina can gefe a tsugune.

"Malam," in ji shi, "kunya ba ta riƙe fulaya. Matso."

Na matso har kafaɗarmu tana gugar juna. Ya ce in kau da fuska, ya saki wuta. Da ƙarfen ya yi ja na miƙa hannu zan ɗauko sufana, ya buge mini hannu kamar yadda ake yi wa yaro a bakin tukunya.

"Gaggawar nan ce ta kawo ka nan. Bar shi ya huce."

Da ya huce, ya ƙwanƙwasa shi da 'yar guduma, ya juya kaɗan baya, kaɗan gaba, yana saurare da kunne a kusa. Sai muka ji ƙiii, guntun ya biyo sufana ya fito. Ban san sanda na yi kabbara ba.

Na biyun ne ya ba mu aiki, don ya karye can ciki. Sau uku ana walda, sau uku macen notin tana ɓallewa ita kaɗai. A karo na uku Baba ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana dariya har da hawaye, ya ce wannan notin taurin kansa irin na kakar matata ne, Allah ya ji ƙanta. Ni ma dariyar ta kufce mini, na rufe baki da hula.

Ana haka aka aiko wa Baba da fura daga gida. Ya miƙo mini ludayi na ce na ƙoshi, alhali ko karyawa ban yi ba. Ya sha tasa, ya ture mini ƙwaryar, ya juya ya fuskanci bango yana ta gyaran wata garma da ba abin da ya same ta. Na shanye tas.

Bayan azahar ya sake dabara. Ya fara ɗiga walda a kan guntun, ɗigo bisa ɗigo, har ya taso sama da bakin ramin, sannan ya ɗora macen notin ya haɗe su. Tun da sauran zafi ya goga masa guntun kyandir, ya narke ya bi haƙoran notin ya shige. Muka jira. Wannan karon ni ya miƙa wa sufanar.

"A hankali. In ya ƙi, koma baya, kada ka yi musu da shi."

Na juya, na dawo, na juya. Gumi har cikin idona. Can na ji ya saki.

Muka sa sababbin notina, ya shafa musu baƙin mai, muka mayar da tanki. Da na tayar, injin ya yi ƙasa da murya kamar sabo. Baba ya goge hannu, ya tattare rigarsa ya ce bari ya ɗana. Ashe rabonsa da tuƙa babur tun kafin a haifi matata. Ya fita yana tangaɗi, maƙwabtan rumfa suna ta ihu, ya miƙe hanyar Kongolam. Na tsaya a bakin titi ina ta addu'a, har na fara tunanin abin da zan faɗa a gida. Sai ga shi ya dawo, kai ba hula, gemu ya rabu biyu saboda iska.

"Birkinka na baya ma ya mutu," ya ce yana haki. "Kawo shi ranar Asabar."