Ƙanena da Gangaren Dutse

Ƙanena ya daɗe yana tuƙa ƙaramar motar dizal, yana sauko da tsakuwa daga kan dutse. Duk gangara a firi yake sakin motar, ba ta cikin giya, wai tsimin mai.

Na sha ce masa, "Ka sa giya ta biyu, injin ya riƙe ta. Birki kaɗai ƙonewa zai yi."

Da yake ni malamin makaranta ne, yakan yi dariya ya ce, "Yaya, alli ka sani, ba sitiyari ba."

Ranar da birkin ya ƙone, motar ta kife, aka yanke masa ƙafar dama. Yanzu a ƙofar gareji yake wuni, yana yi wa direbobi tsawa su sa giya. Abin takaicin, su ma dariya suke masa.