Doña Brígida, Mai Farfelar Kan Tudu

Kullum kafin rana ta ɗumama garin El Alto da ke kan tudu, Doña Brígida Limachi ta buɗe rumfarta, ta cusa ganyen koka, wanda mutanen can ke taunawa, a kumatu, ta baje farfelolin ƙananan jirage marasa matuƙi tana juya su a kan tsinke, tana ware karkatattu. Bana ta ce ido ya gaji, za ta huta. To, ba za ta tafi haka shiru ba!

Ku tambayi Nélida mai ɗaukar hoton biki. Mahaifinta ya shiga tafkin Titicaca da kwalekwale, iska ta tura shi cikin dogayen ciyayi, ga hadarin ƙanƙara ya taso. Nélida ta tayar da jirginta don ta nemo shi, ya yi tangaɗi, ya dawo ƙasa. An yi dace Brígida ta zo ƙauyen su Nélida ganin dangi. Kallo ɗaya ta yi wa jirgin.

"Wa ya sa masa siraran nan?"

"Ni ce, Goggo," in ji Nélida tana kuka. "Amare ba sa son ƙara."

"Amare! Ke 'yar nan, iskar tudunmu ba ta da kauri. Waɗannan na 'yan bakin teku ne, me za su kama a nan?"

Ta kwance ƙunshin bayanta, ta ciro faffaɗan farfeloli, ta ɗaura. "Za su zuƙe batir, su cika miki kunne. Kada ki yi yawo, bi inda iska ta nufa."

Kai, jama'a! Jirgi ya yi sama da ruri, ya keta iska. Nélida ta ƙura wa allo ido: ciyawa, ciyawa, batir ya yi ja. Ashe tsohon ya jiyo rurin. Ya ɗaura jan mayafinsa a sandar tuƙi, ya ɗaga sama.

"Ga Baba! Ga shi can!"

Masunta suka fito da shi, ƙanƙara na dukan bayansu.

Doña Brígida, ke ce ba kya sayar da farfela sai kin tambayi inda za ta tashi. Mun gode, uwar rumfa! Masu gyara da ke tasowa, ku riƙa yin tambayar nan. Albarkacinta wani tsoho yana zaune yau a ƙofar gidansa, yana ɗinkin koma.