Layi na Huɗu na Inna Sahada

Ƙarfe bakwai na safe Inna Sahada tana kan kujerarta a ɗakin waya na masu fiton kaya, can bakin Tashar Jirgin Ruwa. Ta ajiye kwanon koko, ta ɗora abin ji a kan ɗankwali, ta yi bismilla. Layi huɗu gare ta, masu son bugawa kuwa sun fi ɗari a yini: direbobin Nijar, 'yan kasuwar Zongo, kowa da garinsu a baki.

Ba ta da takardar kowace makaranta. Amma ta san layi na ɗaya ba ya son hadari, na biyu in ya ɗau kira uku a jere sai ya kama tari. Sai ta raba musu kaya, wannan ya ɗauka, wancan ya huta. Na huɗu kuwa ba ta ba kowa, ko jama'a sun kai titi. "Wannan na masu neman mu ne," haka take cewa.

Ku tambayi Mato direba. Wata Laraba ukun nan a cike, na huɗu ya yi ƙara. Daga Dogonduci ne, tsohuwarsa tana gargara. Aka zaƙulo shi daga ƙarƙashin mota, ya karɓi waya da baƙin mai a hannu. Ya ji muryarta, ta yafe masa. Kafin la'asar ta cika.

Inna, ke ce mai raba kaya ba a ji karaya ba. Ke ce ƙofar da ba a sa wa sakata.

Akwai abin da duk Zongo ta sani, ba a dai faɗa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ɗanta Lukmanu ya bi jirgin ruwa aiki, ya ce, "Inna, zan bugo." Gidan da ya bari a tsohon Zongo an rushe shi. Lambar na huɗun nan kaɗai ta rage masa. Duk sanda na huɗu ya yi ƙara, sai ta gyara ɗankwali kafin ta ce alo.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. An kawo inji mai raba kira da kansa, da injiniyansa, Misye Issifou. Isuhu ne ɗan Zongon nan, uwarsa waina take sayarwa. Wata tara ya yi a Faransa, Hausarsa ta zube a jirgi. Ya tsaya da igiyar wuya irin ta Turawa cikin wannan zafi, ya ce, "Madam, layi a zaune asara ce. C'est pas moderne." Wai ba na zamani ba ne.

"Isuhu, ya ƙafar uwarka?"

"Madam, injin nan duka huɗun zai cika."

Ta dubi na huɗu. Ta ce, "To in ya bugo ya ji a cike fa?"

Misye ya gyara igiyar wuyansa, ya koma wajen injin.

Jiya an gan shi durƙushe bayan injin, igiyar wuya tana sharar ƙasa, yana zare wayar na huɗu daga injin da hannunsa, yana mai da ita gaban kujerar Inna. Wai matsalar teknik ce. Ya kuma ce a bar kujerar inda take.

Mun gode, Inna. Allah ya sa ƙarar da kike jira ta same ki a zaune. Ku kuma masu aikin jama'a, komai cunkoso, ku bar ƙofa ɗaya a buɗe. Akwai wanda bai bugo ba tukuna.