Ɗan'uwan Carki a Summerfield

Malam Zabeirou ɗan wani ƙauye ne kusa da Birnin Ƙonni, kuma cikin shanu ya buɗe ido. Da ya iso Greensboro ta ƙasar Amurka a 2001, 'yan'uwa suka yi ta cusa shi aikin kamfani, ya gwada, ƙarar injina ta hana shi sakat. Sai da ya samu aiki a wata gonar dawaki a Summerfield hankalinsa ya kwanta. Yana share barga, yana ɗaukar ciyawa, yana yi wa dawakan Bature magana da Hausa, su kuwa suna ji.

Abu ɗaya ne ya dame shi a gonar: wani tsuntsu mai ruwan toka da farin zane a fukafukai. Bakinsa ba ya hutawa. Ya yi kukan wannan tsuntsu, ya yi na wancan, har ƙarar ƙyauren barga ya kwaikwaya. Lokacin sheƙa kuwa, in Zabeirou ya gifta kusa da shinge, sai ya kawo wa hularsa sura.

"Wannan ba shi da asali," yake gaya wa matarsa Hamsatou. "Wanda bai da muryar kansa, ina zai san gidansu?"

Babbar 'yarsu Fourera sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Inna yake ce mata. Tana ƙarama aka kawo ta, lakwal, wato makarantar boko, ta cinye mata harshe. Ya yi mata Hausa, ta amsa da Turanci. Da ta tafi jami'a a Raleigh karatun halittu, hirarsu ta waya ta koma "Kin ci abinci?" da "Ga mamanki." Abin na cinsa, bai taɓa faɗa ba.

A hutun bazara na 2017 motarta ta lalace, ta riƙa kai shi aiki da tasa don ta samu abin hawa. Wata safiya suna isa, tsuntsun ya sauko ya kai wa hular hari. Fourera ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba, ka san sunansa a littafi? Mimus polyglottos."

"Wane irin suna ne wannan, kamar na magani?"

Ta tsaya tana laluben kalmomi, ya ga da Hausa take son faɗa, sai ya ba ta fili. Ta ce kalmar farko ta Latin ce, wato mai kwaikwayo. Ta biyu ta Girkanci ce, mai harsuna da yawa. Wanda ya fara raɗa masa suna ya haɗa shi da wasu tsuntsaye masu daɗin murya ne, daga baya aka ware shi da danginsa na nan Amurka, aka yi musu gida guda. Yanzu kuma da aka bincika ƙwayoyin halittarsu, an ga suna da dangi na nesa har a Afirka.

Ta ƙara da cewa, "Cikinsu akwai wani da yake hawa bayan saniya yana cin... abin nan mai shan jini."

"Kaska?"

"Kaska! Bakinsa rawaya, da ja a gaba."

Zabeirou ya ajiye bokitin hannunsa. "Carki? Inna, carki kike nufi?"

"Ban taɓa ganinsa ba, Baba. Sai a hoto."

Ya zauna a kan damin ciyawa. Ya ba ta labarin wata saniyarsu mai gyambo a tozo, yadda carki ya hana gyambon warkewa, mahaifinsa ya sa shi gadinta da tsumagiya har ya yi barci a gindin aduwa. Da ya farka, carki uku ne a bayanta. Ya sha duka ranar, mahaifiyarsa kuma ta ɓoye masa fura mai nono da yawa. Fourera ba ta taɓa jin labarin kakar da ta ci sunanta ba. Ta yi ta tambaya, in Hausa ta ƙare mata ta cike da Turanci, bai gyara mata ko sau ɗaya ba.

Ya ɗaga kai ya dubi tsuntsun a kan shinge. "Ashe kai ɗan dangi ne," ya ce. "Shi ya sa rashin kunyar."

Da hutu ya ƙare, shi ya mayar da ita Raleigh. A hanya ta ce ya koya mata sunayen tsuntsayen gida. Ya fara: balbela, shamuwa, hasbiya, buwa, cilakowa. Tana maimaitawa ɗaya bayan ɗaya. Da suka zo kan tsakwaikwaiwa harshenta ya harɗe, ta gwada, ta sake gwadawa, suka yi ta dariya har ya wuce mararrabar da zai sauka. Bai damu ba. Ya ci gaba da tuƙi a hankali, yana neman inda zai juyo.